Derek de Solla Price

Derek John de Solla Price (22 ga Janairu, 1922 – 3 ga Satumba, 1983) masanin fiziks ne kuma masanin tarihin kimiyya ɗan ƙasar Birtaniya, wanda ya yi mafi yawan aikinsa a Jami'ar Yale da ke Amurka. Ana ɗaukarsa a matsayin uban ilimin awon kimiyya, wato fannin da ke ƙidaya maƙalun da masana ke bugawa da yawan ambaton da kowace maƙala ke samu a rubuce-rubucen wasu, domin a gane yadda ilimi ke girma da yadda yake yaɗuwa. Littafinsa na shekarar 1963, Little Science, Big Science, shi ne ginshiƙin wannan fanni. An kuma san shi da binciken na'urar Antikythera, wata tsohuwar na'urar lissafin taurari ta mutanen Girka.

Ma'aunan da jami'o'i ke dubawa a yau kafin su yi wa malami ƙarin girma, kamar yawan maƙalu da yawan ambato da darajar mujalla, sun tsiro ne daga fannin da ya assasa. Sai dai shi Price ya ƙirƙiro hanyoyinsa ne don auna kimiyya a dunƙule, a matakin ƙasa ko fanni ko zamani. Auna mutum guda da su abu ne da ya yaɗu daga baya.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Price a Leyton, a gabashin Landan, a gidan Yahudawa. Mahaifinsa Philip Price tela ne, mahaifiyarsa Fanny de Solla kuma mawaƙiya ce. Sunan mahaifiyar ne ya saka a tsakiyar nasa a shekarar 1950. Bayan ya gama sakandare, a shekarar 1938 ya kama aiki a matsayin mataimaki a ɗakin gwaje-gwajen fiziks na kwalejin fasaha ta South West Essex. Yana wannan aiki yana karatu, har ya samu digirin farko a fiziks da lissafi daga Jami'ar Landan a shekarar 1942. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi bincike kan yadda ƙarfe mai tsananin zafi ke fitar da haske, kuma a kan fiziks na gwaji ya samu digirin digirgir a shekarar 1946. Daga nan ya yi shekara guda a Amurka da tallafin karatu, ya yi aure a shekarar 1947.

Singafo da tarin mujallu

A shekarar 1948 ya tafi Singafo, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila, ya zama malamin lissafi a kwalejin Raffles. Kwalejin ta shiga cikin Jami'ar Malaya a shekarar 1949. A nan ne abin da ya sauya alƙiblar rayuwarsa ya faru. Kwalejin ta samu jerin kundayen mujallar Philosophical Transactions ta ƙungiyar masana ta Royal Society, ɗaya daga cikin mujallun kimiyya biyu mafi daɗewa a duniya, wadda aka fara bugawa a Landan a shekarar 1665. Ɗakin karatu bai shirya karɓar su ba, sai Price ya ajiye su a gidansa. Ya riƙa karanta su bi da bi, daga na 1665 zuwa na 1850, yana jingine waɗanda ya gama a jikin bango, na shekara goma-goma wuri guda.

Da ya dubi bangon, sai ya lura tarin farko gajeru ne, na baya kuwa suna ta ƙara tsawo, kuma ƙarin ba daidai-wa-daida yake tafiya ba. Ninkawa tarin ke yi bayan wasu shekaru. Wanda ya saba da lissafi yana gane irin wannan lanƙwasa da ido. Price ya koma ya ƙirga maƙalun wasu mujallu da na wasu fannoni, ya ga abin haka yake. Ya gabatar da sakamakon a babban taron masana tarihin kimiyya na duniya karo na shida, a Amsterdam, a shekarar 1950, aka buga maƙalar a 1951. Ba ta ja hankalin kowa ba a lokacin. Masana tarihi sun saba da nazarin manyan mutane da manyan tunani, ƙirgen shafuka bai yi musu kama da tarihi ba.

Cambridge da rubutun Peterhouse

Price ya bar Singafo ya koma Ingila, ya shiga Jami'ar Cambridge domin yin digirin digirgir na biyu, wannan karon a tarihin kimiyya. Batun da ya zaɓa shi ne kayan aikin masana taurari na zamanin da, irin su asturlabi, wanda malaman ƙasashen Musulmi suka inganta kafin ya isa Turai. A ƙarshen shekarar 1951, yana binciken tsofaffin rubuce-rubuce a ɗakin karatu na kwalejin Peterhouse, ya ci karo da wani rubutun hannu da tsohon Turanci, mai bayanin yadda ake haɗa na'urar gano matsayin taurari masu yawo a sararin sama. Jadawalan da ke ciki suna nuni ga shekarar 1392. Da aka kwance ɗinkin kundin, sai sunan Chaucer ya bayyana a gefen wani shafi. Price ya yi hasashen cewa Geoffrey Chaucer, shahararren mawaƙin Ingila wanda dama an san ya yi rubutu kan asturlabi, shi ya rubuta shi da hannunsa. Jaridu suka ɗauki labarin. Ya kammala digirin a 1954, ya buga rubutun da sharhi a 1955 da sunan The Equatorie of the Planetis.

An yi kusan shekara sittin ana muhawara kan wannan hasashe. A shekarar 2014 masaniya Kari Anne Rand ta nuna cewa hannun wani limamin Kirista ne mai suna John Westwyk, na gidan ibadar St Albans. Gano rubutun da fassara shi aikin Price ne da ya tsaya har yau, jingina shi ga Chaucer ne bai tsaya ba.

A Cambridge ya kuma yi aiki da Joseph Needham da Wang Ling kan hasumiyar agogon da Su Song ya gina a ƙasar Sin a ƙarni na 11, aikin da ya fito a littafin Heavenly Clockwork a shekarar 1960. Duk da digirin digirgir biyu da sunan da ya yi, bai samu kujerar dindindin a jami'o'in Ingila ba. A shekarar 1957 ya ƙaura zuwa Amurka.

Yale da na'urar Antikythera

A Amurka ya fara da ba da shawara ga cibiyar Smithsonian a Washington, sannan ya zauna a cibiyar nazari mai zurfi ta Princeton. A shekarar 1959 ya gabatar da jerin laccoci a Jami'ar Yale, waɗanda aka tattara a littafin Science Since Babylon na 1961. Yale ta ba shi kujerar farfesa a tarihin kimiyya a 1960, kuma a can ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Binciken da ya fi cin masa shekaru shi ne na na'urar Antikythera. Masu nutso neman soson teku ne suka gano wani jirgin ruwa da ya nitse kusa da tsibirin Antikythera na Girka a shekarar 1900. Cikin kayan da aka tsamo akwai dunƙulen tagulla da tsatsa ta cinye, wanda daga baya aka ga yana ɗauke da faya-fayai masu haƙora irin na cikin agogo. Price ya je Athens ya duba gutsattsarin a 1958, ya rubuta maƙala a mujallar Scientific American a 1959 yana cewa na'urar lissafin tafiyar rana da wata ce. A farkon shekarun 1970 masanin fiziks ɗan Girka Charalambos Karakalos ya ɗauki hotunan cikinta da hasken da ke ratsa ƙarfe, suka ƙirga haƙoran faya-fayan. Price ya gano cewa wani faifai mai haƙora 127 yana da alaƙa da zagayen shekara 19 da masanan da suka sani, wanda a cikinsa wata ke kewaya sararin taurari sau 254. Wannan ya tabbata. Amma tsarin da ya zana na yadda sauran faya-fayan ke haɗuwa, a littafinsa Gears from the Greeks na 1974, yana da kurakurai da Michael Wright da kuma tawagar Tony Freeth da Mike Edmunds suka gyara, musamman bayan sabbin hotunan da aka ɗauka a 2005. Duk wanda ya zo gyaran sai ya ambaci littafin. Wannan ƙaramin misali ne na abin da ƙirgen ambato ba ya bambancewa, domin wanda ya yarda da marubuci da wanda ya zo ƙaryata shi, lamba ɗaya kowannensu ke ƙara masa.

Little Science, Big Science

A shekarar 1962 aka gayyaci Price ya gabatar da laccoci a cibiyar binciken nukiliya ta Brookhaven da ke jihar New York. Su ne suka zama littafin Little Science, Big Science, wato ƙaramar kimiyya da babbar kimiyya, wanda ya fito a 1963. Tun a gabatarwa ya bayyana hanyarsa. Ya kwatanta kimiyya da iskar gas da ke cikin tulu. Masanin fiziks yana iya auna zafinta da yawanta da ƙarfin matsinta, alhali bai san inda ƙwayar iska guda take ba ko inda ta nufa. Haka shi ma zai auna masana a matsayin taro, ba tare da ya ce komai game da wane ko wance ba. Wannan sharaɗi shi ne aka fi mantawa da shi idan ana maganar gadonsa.

Abu na farko da littafin ya kafa shi ne ninkawa. Tun daga ƙarni na 17, yawan masana da mujallu da maƙalu yana ninkawa cikin kowace shekara 10 zuwa 15. A lissafinsa, mujallun kimiyya sun kai kimanin 10 a 1750, 100 a 1800, 1,000 a 1850, sannan 10,000 a 1900. Daga nan ya fitar da maganar da ta fi shahara a littafin, cewa kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na dukan masanan kimiyya da aka taɓa yi a duniya suna raye a lokacin. Lissafin mai sauƙi ne. Idan adadi yana ninkawa kowace shekara 15, kuma masani yana aiki na shekara 45, to cikin kowane masani takwas da aka taɓa yi, bakwai sun shigo ne cikin shekara 45 ɗin baya. Ya kuma ja kunne cewa irin wannan girma ba zai ɗore ba, tunda kimiyya na girma fiye da yawan jama'a da arzikin ƙasa. Dole wata rana hawan ya lafa, kuɗin bincike da guraben aiki su yi ƙaranci, gasa ta tsananta. Matsin da malaman jami'a ke ciki a yau game da buga maƙalu yana cikin abin da ya hango.

Abu na biyu shi ne rashin daidaito. Tun a 1926 Alfred Lotka ya nuna cewa idan marubuta 100 sun buga maƙala ɗaya-ɗaya, kimanin 25 ne za su buga biyu, kimanin 11 kuma uku, adadin yana ta raguwa da sauri. Price ya ɗora a kai da abin da ake kira dokar Price. A fannin da ke da marubuta 100, mutum 10 ne ke samar da rabin maƙalun, a fannin da ke da 10,000 kuwa mutum 100 ne. A kowane hali, adadin manyan marubutan shi ne lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da jimillar marubutan. Waɗanda suka gwada dokar da bayanai na gaskiya daga baya sun ga takan yi ƙari, amma asalin maganar, cewa tsiraru ne ke samar da kaso mai yawa, ta tabbata a kusan kowane fanni.

Abu na uku shi ne abin da ya kira makarantun da ba a gani, suna da ya aro daga masanan Ingila na ƙarni na 17. Yana nufin rukunin masana da ba su cika wuce mutum 100 ba, waɗanda ke aiki kan matsala guda a jami'o'i daban-daban, suna aika wa juna rubutu kafin a buga shi, suna haɗuwa a taruka, suna musayar ɗalibai. A ganinsa a cikin irin wannan da'ira ake yin ainihin sadarwar ilimi, mujalla kuwa ta fi zama wurin da masani ke kafa shaidar cewa shi ya fara gano abu. Ya kuma lura da yadda maƙalu masu marubuta da yawa ke ƙaruwa a fannin sinadarai, har ya yi hasashen cewa maƙala mai marubuci ɗaya za ta ɓace zuwa 1980. Ba ta ɓace ba, ko da yake a fannonin gwaji ta yi ƙaranci ƙwarai.

Ƙirgen ambato

Kayan aikin da Price ke buƙata ya samu ne daga Eugene Garfield, wani Ba'amurke da ya ba da shawara a 1955 cewa a riƙa tattara manazartar da ke ƙarshen kowace maƙala a kundi guda, ta yadda mai bincike zai ga duk wanda ya ambaci wani aiki bayan fitowarsa. Kamfanin Garfield da ke Philadelphia ya fara fitar da kundin Science Citation Index a kai a kai daga 1964, kuma Price yana cikin masu ba shi shawara. Manufar Garfield ta farko ita ce sauƙaƙa neman maƙalu a ɗakin karatu. Price ne ya ga cewa kundin taswira ce ta yadda ilimi ke ɗinke da juna.

A maƙalarsa ta 1965 a mujallar Science, mai suna Networks of Scientific Papers, ya yi amfani da bayanan shekarar 1961. Ya nuna cewa a cikin shekara guda, kimanin kashi 35 cikin ɗari na maƙalun da ke akwai ba wanda ya ambace su, kashi 49 kuma sau ɗaya tak aka ambace su. Tsiraru ne ke kwashe ambato mai yawa. Ya kuma ga cewa wani babban kaso na ambato yana tafiya ne ga sabbin maƙalu na 'yan shekarun baya, waɗanda ya kira bakin dagar bincike.

A 1970 ya mayar da wannan lura ma'auni, wanda ake kira ma'aunin Price. Ana duba manazartar maƙala a ga kashi nawa ne aka buga cikin shekara biyar da suka wuce. A fiziks da kimiyyar sinadaran jiki kason yana da yawa, a ilimin zamantakewa matsakaici ne, a tarihi da adabi kuwa ƙarami ne, domin masanin tarihi yana komawa ga littafin da ya shekara ɗari kamar jiya aka rubuta shi. Ma'anar wannan a fili take. Fannoni ba su da ɗabi'ar ambato iri ɗaya, saboda haka ambato 50 a wurin masanin magunguna da ambato 50 a wurin masanin harshe ba nauyinsu ɗaya ba.

Fifiko mai taruwa

A shekarar 1976 ya buga maƙalar da ta yi bayanin dalilin wannan rashin daidaito ta hanyar lissafi. Ya kira tsarin fifiko mai taruwa. Maƙalar da aka riga aka ambata sau da yawa ta fi saurin faɗawa idon mai bincike na gaba, shi ma sai ya ambace ta, abin ya ci gaba da hauhawa.  Masanin zamantakewa Robert Merton ya bayyana irin wannan hali a 1968 game da yadda sanannun masana ke kwashe yabo, Herbert Simon kuma ya yi lissafi makamancinsa a 1955. Price ne ya ɗora shi a kan hanyoyin ambato, ya nuna cewa wannan ƙa'ida ita kaɗai ta isa ta haifar da rabon da ake gani, ko da maƙalun ba su bambanta sosai a inganci ba.

Maƙalar kanta ta ɗanɗana abin da take bayani. Ta fito a mujallar masana ilimin ɗakin karatu da bayanai, masana fiziks ba su san da ita ba. A 1999 Albert-László Barabási da Réka Albert suka sake gano kusan wannan ƙa'ida a nazarinsu na shafukan intanet, suka buga a Science, aikinsu ya samu ambato dubbai masu yawa. Sai bayan haka aka waiwayi Price.

Ya kuma auna ƙasashe. A ƙarshen shekarun 1960 ya nuna cewa kason da ƙasa ke da shi a maƙalun kimiyyar duniya yana bin girman tattalin arzikinta, ba yawan mutanenta ba.

Ma'aunai da ƙarin girma a jami'a

Kamfanin Garfield ya fara wallafa ma'aunin tasirin mujalla a tsakiyar shekarun 1970. Ana samunsa ne idan aka ɗauki ambaton da maƙalun mujalla na shekara biyu da suka wuce suka samu a bana, aka raba da yawan maƙalun. An yi shi ne don taimaka wa masu kula da ɗakunan karatu su zaɓi mujallar da za su saya, kuma Garfield da kansa ya sha gargaɗi kan auna mutum da shi. Bayan mutuwar Price, kwamfuta da intanet suka sauƙaƙa ƙirgen. A 2004 aka buɗe Scopus da Google Scholar. A 2005 masanin fiziks Jorge Hirsch ya kawo ma'aunin h, wanda ya kafu kan mutum guda kai tsaye. Malamin da ma'auninsa ya kai 10 yana da maƙalu 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10.

A jami'o'in Najeriya, ciki har da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, malami yana hawa ne daga mataimakin lakcara zuwa lakcara na biyu, na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, sannan farfesa. Kowane mataki yana da shekarun jira da adadin wallafe-wallafen da ake buƙata, kuma a matakai biyu na sama ana aika ayyukan malami ga farfesoshin wasu jami'o'i su tantance. Kowace jami'a da ƙa'idarta, amma da yawa suna raba maki tsakanin mujallun gida da na waje, wasu kuma suna neman wani kaso ya kasance a mujallun da ke cikin Scopus ko Web of Science, wanda shi ne magajin kundin Garfield. A Jamhuriyar Nijar, malaman jami'o'i irin su Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi suna bi ta hukumar CAMES ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, wadda aka kafa a Yamai a 1968 kuma take da hedikwata a Wagadugu. Kwamitocinta ne ke duba kundin ayyukan malami kafin a saka sunansa a jerin waɗanda suka cancanci muƙami na gaba.

Ƙirge yana da amfanin da bai kamata a raina ba. Inda son kai da sanayya ke iya shiga harkar ƙarin girma, lambar da kowa zai iya dubawa a intanet kariya ce ga malamin da ba shi da uwa a gindin murhu. Matsalar tana wajen abin da lambar ke iya gani. Manyan rumbunan bayanai suna zaɓen mujallu ne, kuma mafi yawan waɗanda suka zaɓa na Turanci ne daga Turai da Amurka. Mujallun da ke buga maƙalu da Hausa, irin su Harsunan Nijeriya da Algaita na Jami'ar Bayero ta Kano, suna da masu karatu a sassan nazarin harsuna, amma ambaton da ke yawo a tsakaninsu da kundayen digirin ɗalibai ba ya shiga lissafin waɗancan rumbuna. Rumbun African Journals Online, wanda aka fara a 1998, an kafa shi ne don rage wannan ɓoyuwa ta mujallun Afirka.

Garin Jibiya da ke kan iyakar Katsina da Nijar ya isa misali. An rufe iyakar Jibiya daga Agusta 2019 zuwa Afrilu 2022, aka sake rufe ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 bayan juyin mulkin Nijar. Malamin da ya zauna ya bi diddigin abin da rufewar ta yi wa farashin hatsi da dabbobi tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko ya auna yadda manoman rani ke cin gajiyar madatsar ruwan garin, ya yi aikin da gwamnati da 'yan kasuwa za su iya amfana da shi. Amma masanan duniya da ke rubutu kan wannan iyaka kaɗan ne, kuma rahoton hukuma ko shawarar da aka yanke a ofis ba sa ƙara wa kowa ma'aunin h. Abokin aikinsa da sunansa ya shiga cikin marubuta masu yawa na wata maƙalar kiwon lafiya ta ƙasa da ƙasa zai iya tara ambato ɗaruruwa cikin shekara biyu. Bambancin fanni da tasirin da'irar masana da fifiko mai taruwa, waɗanda Price ya bayyana, duk suna cikin wannan giɓi.

Matsin neman adadi ya kuma buɗe kasuwa ga mujallun bogi, masu karɓar kuɗi su buga maƙala cikin kwanaki ba tare da tantancewa ba, da kuma al'adar saka sunan juna a maƙala da yawan ambaton kai. Sanarwar San Francisco kan tantance bincike, wadda aka tsara a 2012, ta nemi a daina amfani da ma'aunin tasirin mujalla wajen ɗaukar malami ko yi masa ƙarin girma. Ƙa'idoji goma na Leiden da aka buga a mujallar Nature a 2015, waɗanda masana ilimin awon kimiyya suka rubuta, sun nemi lamba ta zama mai taimaka wa hukuncin masu karanta aikin, a kula da bambancin fannoni, a kuma kare binciken da ke da amfani ga yankin da aka yi shi.

Mutuwa da karramawa

Price yana cikin editocin farko na mujallar Scientometrics, wadda Tibor Braun ya kafa a Budapest a 1978. Ya samu lambar Leonardo da Vinci ta ƙungiyar masana tarihin fasaha a 1976, ya kuma zama mutum na farko da aka ba lambar John Desmond Bernal a 1981. A shekarar 1983 aka zaɓe shi mamba a Cibiyar Kimiyya ta Masarautar Suwidin. Ya mutu sakamakon bugun zuciya a ranar 3 ga Satumba na wannan shekarar, a gidan abokinsa Anthony Michaelis a Landan, yana da shekara 61. Mujallar Scientometrics ta kafa lambar yabo da sunansa domin masu bincike a fannin, kuma Eugene Garfield ne ya fara karɓarta a 1984.